Saƙon da Ka Ba Kawu Illa

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Wanzami na Zango,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta kamaci ɗa ga ubansa, da fatan makwancinka ya yalwata, ina neman izini in yi abin da ban taɓa yi ba kana raye. Zan zauna gabanka in yi maka magana kai tsaye, ba ɗan aike a tsakaninmu.

Shekara huɗu ke nan da muka kai ka. Yaran yanzu da za su karanta takardar nan, waɗanda suka tashi suna hawa wuyan iyayensu, za su ce ƙarya nake in na ce ban taɓa jin sunana a bakinka ba. To, haka ne. Ni ne ɗan fari, kai kuwa ka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu, har ka fi Inna, Allah ya jiƙanta. In na shigo zaure sai ka sami abin dubawa a cikin zabirarka. In kana son wani abu daga gare ni sai ka kira ƙanwarka, Goggo Hadiza, ka ce mata, "A ce wa yaron nan." Ina tsaye taku bakwai daga inda kake, ina jin kowace kalma, amma sai na jira Goggo ta juyo ta maimaita mini.

Ta bakin Goggo na ji cewa lokaci ya yi da zan fara riƙe aska sosai. Ta bakinta kuma ka ji cewa ni lakkwal, karatun boko, zan ci gaba da yi. Ranar ba ka yi faɗa ba. Ka gama wasa askar da ke hannunka, ka gwada ta a gashin hannu, ka mayar. Ƙannena duk mata ne, saboda haka na san abin da na yanke ranar. Gadon da ya biyo kakanni tun zamanin fataken goro a kaina ya tsaya.

Na yi karatun, na je har Dakar na ƙaro, na dawo da sunan likita. Ba ka taɓa tambayar wane irin likita ba ne, ni ma ban taɓa faɗa maka ba. Bari in faɗa yau. Ba na yin fiɗa, ba na rubuta magani. Ina zaune ne a wani ɗan ɗaki da muke kira labo, a bayan lopital, wato asibiti. In wani ya zo da kumburi, sai a soka siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki, wanda bai fi ɗigon ruwa ba. Sai in shafa shi a kan gilashi, in rina shi, in sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, in duba ƙwayoyin da aka gina jiki da su. Daga kamanninsu da yadda suka jeru nake gane ko ciwon mai sauƙi ne ko mai cin rai. Kai ma kana zuƙo abin da ke cikin kumburi da ƙaho, Baba. Kai kana zubarwa a rami ka rufe da ƙasa, ni kuma nan aikina yake farawa.

Mutanen Zango har gobe ba su yarda ni likita ba ne. Tsofaffin unguwa suna tare ni da ciwon gwiwa, in ce ba fannina ba ne, su bi ni da kallon tausayi. Wata ta taɓa cewa a gabana, duk karatun nan ashe leƙe ya koyo. Na yi dariya, amma ta taɓa ni. Da rana abokan aiki suna fita cin benga, dafaffen wake, a bakin titi suna hira da Mosanci, ni ina ciki da gilasaina. Da yamma in hau moto, babur ɗina, in dawo gidanka, in buɗe ƙofa, ba mai amsa sallama. Matata Rakiya an tura ta koyarwa garin Bobo, yara suna wurinta. Ƙannena ɗaya tana Yamai, ɗaya tana Kumasi. Goggo ta riga ka tafiya da shekara guda, ka sani. Shekararka ta ƙarshe mu biyu muka rage a gidan, ba mai kai saƙo, muka yi ta wuce juna a tsakar gida da gyaran murya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kawu Illa ya dawo.

Amininka nake nufi, direban babbar mota mai ɗauko albasa daga Nijar, wanda muke ce wa Kawu saboda garinsu ɗaya da Inna. Tun sadakar arba'in ɗinka ya koma Ƙonni, ko sallama bai yi mini ba, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai. Wata biyar da suka wuce na gan shi a masallacin Juma'a. Ya tara gemu, shi da ka sani kullum fuskarsa fes, ya kuma naɗe haɓa da rawani cikin zafin nan. Da na durƙusa gaishe shi sai ya juya mini gefen dama. Amma ido ya riga ya saba. Gefen hagu na muƙamuƙinsa ya fito, rawanin ma ya kasa rufewa. Na tambaye shi, ya ce goro ne a kunci. Na ce Kawu, wannan goron ai ko a kasuwar Sankaryare ba a sayar da irinsa. Ya ce in bar shi da rashin kunya.

Washegari 'yarsa Hajara, wadda yake zaune wurinta, ta zo ta same ni. Ta ce abin ya fi shekara goma yana girma a hankali, ba zafi, shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Yanzu haƙoran gefen sun fara girgiɗa, biyu sun faɗi, tuwo ma sai an dama masa. Ta yi ta fama da shi ya je lopital ya ƙi. Wai shi tun da yake, hannun Garba kaɗai ya taɓa fuskarsa.

Na je na same shi. Mun yi ta ja har la'asar. Ya ce in dai ƙaho zan kafa masa, bismillah. Na ce ban iya ba, kuma ko na iya ba zan yi ba, allura zan sa in ɗebi kaɗan in duba. Sai ya kafa sharaɗi. Ba zai taka lopital ba tukuna, a gida za a yi, kuma in zo da zabirarka. Na sauko da ita daga ƙusar da take rataye tun rasuwarka, na kaɗe ta, na zuba allurai da gilasai da kwalbar alkol ta kashe ƙwayoyin cuta kusa da ƙahonka. Na rataya ta na ratsa unguwa. Wallahi Baba, mutanen da shekara da shekaru ba su kira ni likita ba, ranar har tashi suke suna gaishe ni.

Karon farko na kunyata. Allurar ta shige ba wuya, sirinji ya cika da wani ruwa rawaya, na yi murna. Na koma labo na rina, na duba gilashi shida, ba komai sai ƙwayoyin da ke share datti a kowane irin kumburi. Irin wannan sakamakon shi ke yaudarar mutane. Da wani gilashi ne da aka aiko mini daga nesa, ban ga mai shi ba, da sai in rubuta cewa ruwa ne kawai aka samu, wataƙila a tsiyaye shi a sallami mutum ya koma gida. Da na gaya wa Kawu sai an sake, ya ce ai ya sani, ubana da ƙaho ɗaya yake gamawa.

Kwana biyu ina juya abin, sai na tuna maganarka. Ba ni ka faɗa wa ba, ka dai faɗa ne ina kusa, lokacin da nake riƙe maka ƙwarya. Ka ce, "Yatsa ya riga aska." Na tuna yadda kake bin wuri da babban yatsa, idonka a rufe, kafin ka tsaga. Da na koma, ban yi gaggawar fito da allura ba. Na wanke hannu na bi ƙashin tun daga haɓa har gindin kunne. Wani wuri ya lotsa yana ɗan ƙara kamar ɓawon ƙwai, nan ruwan yake, nan na soka da farko. Can baya kusa da turamen haƙori na ji wurin da ya cika, ba tauri irin na ƙashi ba, ba kuma ruwa ba. Nan na soka. Abin da ya fito bai kai rabin ɗigo ba. Kawu ya leƙa ya ce, duk wahalar nan a kan wannan?

A gilashi na biyu na gan su. Ƙwayoyi ne a dunƙule, na gefen dogaye, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, na tsakiya kuma a sake, suna miƙa 'yan hannuwa suna taɓa juna. Sau biyu kacal na taɓa ganin haka daga allura, duka ina ɗalibi. Na ɗago kai don in ce wa wani zo ka gani, ɗakin ba kowa sai fanka. A fanninmu ba mu da yawa a garin nan, wanda ya fi ni sani kuma ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Na kafa salula a bakin madubin na ɗauki hoto, na tura wa wata abokiyar karatuna a Dakar. Sai da ta kwana biyu ta amsa. Cikin kwana biyun nan na sake duba gilashin ya fi sau ashirin, ina neman alamar mugun irin, wanda ƙwayoyinsa suke fita kamanni suna rabuwa barkatai. Ban gani ba, ita ma ba ta gani ba.

Sunansa a littafi ameloblastom. Ga yadda zan bayyana maka shi. Tun mutum yana ciki akwai ƙwayoyin da aikinsu gina haƙori. In sun gama sai su watse, amma wasu 'yan kaɗan sukan maƙale cikin ƙashin muƙamuƙi su yi barci. A jikin yawancin mutane, har su mutu ƙwayoyin ba sa farkawa. A jikin wani kuma, ba a san dalili ba, sai su tashi su kama gini, magina ne da ba wanda ya ce musu aiki ya ƙare. Ba haƙori suke fitarwa ba, ƙari ne, yana cin ƙashin daga ciki yana hura shi. Ba kasafai yake yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki ba, wannan ita ce rahamar. Amma ba ya jin magani, ba ya jin tsiyaya. Sai an yanke ƙashin da ya kama har da ɗan lafiyayyen da ke gefensa, in ba haka ba ya dawo. Kowace shekara da aka bari, abin da za a yanke ƙaruwa yake.

Na kai wa Kawu hoton a salula. Ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko duk wannan a bakinsa yake. Gani ya kori ji. Ya yarda aka kai shi aka ɗauki hoton ƙashi, likitan fiɗa ya yanki ɗan nama ya aiko mini, ya tabbatar da abin da allura ta nuna. Aka sa ranar aiki.

A nan zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Na zarge ka, Baba. Hajara ta ce shekaru kana kafa masa ƙaho a wurin, ya sabe ya dawo, ka sake. Na zauna na lissafa shekarun, na ce da ba a yi ta rarrashin ciwon da ƙaho ba, da tun yana ƙarami aka cire shi. Na ce ga ni a gida ɗaya da kai, wannan shi ne aikina, amma girman kai ya hana ka turo shi. Mako uku ina ɗauke da wannan. Zabirar ma ban mayar da ita kan ƙusa ba, ƙarƙashin gado na tura ta. Ba ni da wanda zan faɗa wa, don ba a kai ƙarar uba wurin matar ɗa, ba a kuma kai ta wurin ƙanne.

Ana gobe aiki aka ce a aske gemun. Kawu ya ce ba ma'aikacin lopital da zai taɓa shi, da askar Garba za a yi, kuma ɗan Garba ne zai yi. Na ce rabona da aska tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da hantsi na je, na wasa ta yadda nake ganin kana yi, na wanke ta da alkol, na zaunar da shi a tabarma a inuwar ɗakin Hajara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da gashin ya fara sauka sai ga tsagarka, uku uku, a jere, ko cikin dubu zan gane hannunka. Amma duk tsofaffi ne, sun yi fari, kuma duk a gaba suke inda kumburin ya faro. Bayan, inda ya fi girma, fata lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na ce Kawu, nan fa? Askar tana kan maƙogwaronsa lokacin. Ya ɗaga yatsa in dakata, ya haɗiye yawu.

Ya ce wata bakwai kafin ka rasu ya zo maka kamar kullum. Ka bi wurin da yatsa, ka daɗe, ka taɓa haƙoran, sannan ka mayar da ƙahon cikin zabira. Ya roƙe ka, ka ƙi. Ga abin da ya ce ka faɗa, kuma na sa shi ya maimaita mini har sau biyu:

"Illa, wannan ba jini ba ne, ƙashi ne ke ciwo. Ya fi ƙarfina. Ka je wurin Haruna ka ce ni na turo ka. Abin da yatsana ke ji, shi idonsa yana gani."

Na ce, haka ya faɗa, da sunan? Ya ce da sunan.

Ya ce tsoron wuƙar likita ne ya hana shi zuwa. Kullum ka tambaye shi sai ya ce gobe. Da ka rasu kuma kunya ta hana shi haɗa ido da ni, shi ya sa ya gudu Ƙonni da saƙon a bakinsa. Ya ce in yafe masa. Wanzami ba ya son jarfa, Baba. Ni da nake gaya wa mutane sakamako mai ɗaci ba tare da muryata ta yi rawa ba, sai ga ni na ajiye aska na shiga bayan ɗaki. Hajara ta kawo mini zomkom, ruwan gero mai sanyi, a kofi. Da na dawo na ƙarasa askin, ban yanke shi ko sau ɗaya ba.

An yi aikin, ya tashi. An cire ƙashin tun daga kusa da haɓa har gindin kunne, aka sa ƙarfe a madadinsa. Da aka aiko mini abin da aka cire na bi gefunansa kaf, ban ga inda ciwon ya tsallake ba. Likitan fiɗa ya ce da shekara huɗu baya aka kawo shi, da wataƙila rabin wannan ya isa. Kawu yanzu kunu yake sha da cokali, maganarsa sai ka kasa kunne, goro kuwa sai dai ya riƙe a hannu yana shinshinawa. Jiya ya yi ƙoƙarin zolayata, bakin ya ƙi ba shi haɗin kai, sai ya yi da ido.

Na nemi gafararka kan zargin da na yi maka. Amma ban huce duka ba, gara in faɗa. Taku bakwai ne, Baba. Daga zaurenka zuwa ƙofar ɗakina taku bakwai ne, na ƙirga su bayan askin nan. Wata bakwai kana ganin amininka yana ce maka gobe, ina wuce ka safe da yamma da farar riga a hannu. Da ka yi gyaran murya sau ɗaya ka ce, kai, duba mini bakin Illa, da yau yana tauna abinci. Sai kuma in juyo kan kaina. Ni ma ina ganinsa yana shiga zaurenka da hannu a kunci. Ni da aka koya wa duba, ban duba ba, saboda abin da ke faruwa a zaurenka na ɗauka ba hurumina ba ne. Kai ka riƙe kunya, ni na riƙe fushi na sa masa suna ladabi. Kawu Illa ne ya biya da rabin muƙamuƙinsa.

Duk da haka na gode. Shekara huɗu ina zaune a gidan nan ina zaton ka tafi kana ganin na watsar da kai. Ashe ka san abin da nake yi a ɗakin nan na bayan lopital. Ban san wa ka tambaya ba, ban san yaushe ba. Ina ma a ce na nuna maka gilashin nan ko sau ɗaya, ka rufe ido ɗaya ka leƙa, ka ga abin da yatsanka ya ji. Ina kewarka, Baba, kewar hirar da ba mu taɓa yi ba ta fi komai damuna.

Na mayar da zabirar kan ƙusarta. Ranar Juma'a Kawu zai zo in gyara masa fuska, ya ce kada gashi ya rufe ɗinkin, yana son mutanen Zango su gani su daina ɓoye kumburi a bayan rawani. Na kuma kira Bobo. Da babbar 'yata ta ɗauka na kira sunanta har sau uku, ta ce Baba lafiya? Na ce lafiya lau, so nake kawai ki ji.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa hannun da ya sauƙaƙa wa mutane ciwo ya zama shaida a gare ka. Allah ya haɗa ka da Inna da Goggo a inuwa ɗaya, ya ba Kawu Illa lafiya, ya hana ciwon dawowa. In Allah ya sa mun haɗu a inda babu kunya, ina roƙon abu ɗaya, ka kira ni da bakinka in amsa.

Saƙonka ya iso, Baba. Ya makara, amma ya iso.

Ɗanka na fari,
Haruna
Zango, Wagadugu